Baƙaƙen Kaya a Kan Shingen Gonata

SHAFI NA 23

"Makullin gonar nake so, Seu Ataliba."

Haka Marilza ta fara, da "Seu" ɗin girmamawa da ake sa wa dattijo a nan, ko gahawar da na zuba mata ba ta kurɓa ba. A kicin ɗina muke, saura kwana biyu in tafi birnin Belo Horizonte a cire min yanar ido. Marilza malamar makaranta ce, kuma ita ta gaji matata Zenaide a shugabancin da'irarmu ta addinin Wicca tun da Zenaide ta rasu a watan Fabrairu. Mu goma sha biyu muka rage, a gonata da ke bayan gari muke yin bukukuwanmu.

Na ce, "Shekara talatin da huɗu ina jan tirela, ban taɓa miƙa wa mutum makulli ban san inda za shi ba."

"Mako biyu za ka yi a birni. Ranar talatin da ɗaya ga Oktoba za ka dawo, ranar biki ke nan. Wa zai nome ciyawar? Wa zai tara itace?"

"Sai kuma me?"

"Sai kuma me kamar yaya?"

"Marilza, mai zuwa aron tsintsiya ba ya saka takalmin fita. Faɗi na biyun."

Ta yi 'yar dariya, ta juya kofin a hannunta.

"A juya tayar."

Na san can za ta. Shekara a wurinmu taya ce mai noti takwas, kowane noti biki ne. Waɗanda suka kawo addinin daga Ingila da kwanakinsu suka kawo shi. A can, ƙarshen Oktoba ganye ke zuba, sanyi na shigowa, shi ya sa a lokacin suke bikin matattu. A nan jiharmu ta Minas kuwa ƙarshen Oktoba ruwa ya sauka, kowane itace na fure. Don haka da'irori da yawa sun juya tayarsu, matattu a ƙarshen Afrilu, bikin furanni a ƙarshen Oktoba. Mu ba mu juya ba. A dokarmu ba a juyawa sai kowa ya yarda, ni kuwa ban yarda ba. Ni da Zenaide. Haka na sani.

Na ce, "To ga nawa sharaɗin. Bana a yi bikin matattu a ranarsa. In ajiye farantinta da hannuna. In yi mata kiran farko."

Kiran farko shi ne komai a wurinmu. Bikin matattu na farko bayan mutum ya rasu, wanda ya fi kusa da shi ke tsayawa ya fuskanci faɗuwar rana ya kira sunansa sau uku. Sau ɗaya ake yinsa. Duk kiran da ya biyo baya tuni ne kawai.

"Bayan wannan ku juya tayar duk inda kuka ga dama, ba za ku ƙara jin bakina ba."

Ta dubi cikin kofin kamar akwai rubutu a ciki.

"Na yarda."

Muka sha hannu. Na zare makullin daga ƙusa na ba ta.

Wanda ya yarda da ciniki da sauri, ko dai bai san kayan ba, ko ya riga ya sayar da su ga wani. Tun ina yaron mota na san wannan. Ranar ce kawai ban tuna ba.

*

Aiki ya yi kyau. Likita ya cire yanar, na fito ina ganin gashin hancin mutane daga nesa.

Mun yi da Gercino, aminina na shekara arba'in, tsohon direba irina kuma ɗan da'irarmu, cewa motar ƙarfe biyar na yamma zan biyo, shi zai ɗauke ni a mararraba. Amma gidan ƙanena da na sauka a birni ya ishe ni. Na bi motar safe. Na biya gida na ɗauki farantin Zenaide, shuɗin nan mai ɓallin baki, da ɗan kofin 'yata Dalva, da baƙaƙen kyandir. Na sayi wainar masara, irin wadda take so, mai ɗan ƙonewa a gindi. So nake in zauna ni kaɗai a gonar kafin kowa ya zo, in shirya abin da zan faɗa mata.

Motar madara ta sauke ni a bakin hanya wajen sha biyu.

Ganga na fara ji.

Na ce wataƙila gonar maƙwabta ce.

Da na karya kwana sai na ga shingena. An jera baƙaƙen riguna a kan waya, kowace da maƙalinta, an goge su tsaf. Na ƙirga. Goma sha ɗaya.

Ƙofa a buɗe take. Na shiga.

A tsakiyar filin, daidai inda muke shimfiɗa teburin matattu, an kafa dogon gora. An ɗaura masa zirin ƙyallaye ja da fari tun daga sama, mutanena na riƙe da bakin ƙyallayen suna zagayawa suna waƙa. Wuta biyu na ci a gefe. Kowa da rawanin furanni a ka. Bikin furanni ne, cikakke, ba gwaji ba.

Ga Gercino, ɗan shekara saba'in, da tumbinsa, rawanin furanni ya karkace masa a kunne ɗaya, yana shirin tsallake wuta.

Shi ya fara ganina. Ƙafarsa ta tsaya a sama.

Gangar ta mutu.

Na ce, "Ango. Wa ya rasu aka yi maka kwalliya haka?"

"Mutumina... ai motar biyar muka yi da kai."

"Na ga alama."

Marilza ta saki ƙyallenta ta taho da sauri tana goge hannu a siket.

"Seu Ataliba, kafin ƙarfe huɗu duk mun sauke. Goran ma a rami yake kawai, ba a daɓe shi ba. Alkawarinka na nan."

"Na gan shi. Yana rataye a kan shinge."

"Ka zauna tukuna, ka sha ruwa, idonka..."

"Idona lafiyarsa ƙalau. Shi ne ma damuwar."

Na ajiye jakata a ƙasa a hankali, saboda farantin.

"Wata takwas," na ce. "Wata takwas da rufe idonta, kun kasa haƙurin yini ɗaya. Na ce muku daga gobe ku yi abin da kuke so. Gobe. Ku yi rawa da safe a inda zan kira matata da yamma? Da Zenaide na raye..."

"Da tana raye da ita ke riƙe da jan ƙyallen can."

Dona Filó ce, mai sayar da cuku, babbarmu a shekaru. Tana zaune kan kututture don gwiwarta ba ta rawa. Ba ta ko ɗaga kai ba.

Marilza ta ce, "Dona Filó."

"Ki bar ni, 'yar nan. Na gaji. Mutum ya gyaro ido kuma a ci gaba da yi masa wasan makafi?"

Na ce, "Me kika ce, Filó?"

"Abin da ka ji. Jan ƙyallen nata ne. Ita ta ɗinka su duka, a kan kekenta, a ɗakinka."

Na san ƙyallayen. Na taɓa ganinsu a cikin kwando ta ce na labulen makaranta ne.

"Tun yaushe?"

Wutar ce kawai ke ƙara.

"Gercino. Tun yaushe?"

Ya cire rawanin ya riƙe a ciki kamar hula.

"Sha ɗaya."

"Wata?"

"Shekara."

Na nemi wurin zama. Babu kujera a kusa, sai na zauna kan buhun gawayi.

Marilza ta durƙusa gabana. Ba ta saba durƙusa wa kowa ba.

"Ba duka takwas ba, Seu Ataliba. Biyu kawai. Na furanni da na matattu. Sauran tare muke yi da kai, da zuciya ɗaya."

"Na gode. Kun kyauta."

"A gonar ƙanen Dona Filó muke yi. Da safe mu yi na furanni a can, da yamma mu sa baƙi mu zo nan. Bana ya sayar da gonar ga masu noman gahawa. Ba mu da inda za mu."

"Shi ya sa ciyawata ta dame ki."

Ta taɓa makullin da ke wuyanta.

Abubuwa suka riƙa dawo min ɗaya bayan ɗaya. Duk safiyar talatin da ɗaya Zenaide kan ce za ta kasuwa neman kabewa. Kabewa ɗaya sai ta cinye mata awa biyar. Ta dawo kumatunta sun yi ja tana ƙamshin hayaƙi. Wata shekara na cire mata ɗan fure daga gashi, ta ce daga itace ya faɗo. Na tuna yadda jama'a ke zuwa teburin matattu ba sa jin yunwa, ni ina yaba su a raina, ina cewa jimami ne.

"To na matattun fa? Na gaskiyar. Yaushe kuke yinsa?"

"Talatin ga Afrilu."

Na juya na dubi Gercino.

Ya dubi takalminsa.

"Ƙarshen Afrilu," na ce. "Kifi ya fi cin ƙugiya a ƙarshen Afrilu. Ba haka kake cewa ba? Ka zo da motarka tun da sassafe kana yi min oda a ƙofa. Kwana biyu a bakin tafki, duk shekara. Kai da ko kifi ba ka ci."

"Yana sa ni ƙaiƙayi."

"Shekara sha ɗaya ina maka dariya, ina cewa wane irin masunci ne ke guzurin kaza. Ashe gadina kake yi."

"Mutumina, ba gadi ba ne."

"Mene ne sunansa?"

"Ni ma ai hana kaina nake yi. Ina da matattuna. Uwata, da wana. Shekara sha ɗaya ban kira su a lokacinsu ba don in zauna da kai a cikin kwalekwale."

"Ka rubuta min takarda in biya ka."

Dona Filó ta yi tsaki. "Ku biyun nan ko a bakin kabari sai kun yi faɗan tasha."

Na ce, "Zenaide ce ta sa ku?"

"Ita."

"Don me? Bakina ya fi ƙarfinta ne? Matar da ta sa na bar taba da kallo ɗaya?"

Marilza ta ce, "Saboda Dalva."

Waɗanda suka bi labarina tun shafin farko sun san Dalva. 'Yarmu ce ɗaya tilo. Shekararta shida zazzaɓi ya ɗauke ta, ina kan hanyar Belém da lodin tayal. Lokacin babu waya a aljihu. Na dawo bayan kwana tara da 'yar tsana a hannu na tarar har ƙasar kabarin ta kwanta. Shekara biyar ban iya faɗin sunanta ba. Zenaide ce ta jawo ni da'ira. A bikin matattu na farko da na je, talatin da ɗaya ga Oktoba, ta ce in yi kiran, don ita ba ta yi ba, ni take jira. Na ajiye ɗan kofinta da ruwan sukari, don shi take sha in ta yi kuka. Na kira sau uku. Sai ga ɗan tsuntsun nan mai tsotsar fure, kore, ya tsaya cak a iska a kan kofin, ya sha, ya dube ni, ya tafi.

Tun ranar nake mutum.

Marilza ta ce, "Dona Zenaide ta taɓa yi maka maganar juyawa. Sau ɗaya. Ka tuna abin da ka ce mata?"

Na tuna. Na ce mata in aka canza ranar, yarinyar za ta zo ta tarar babu kowa, kamar yadda ta nemi ubanta a asibiti babu kowa.

"Ta ce mana daga ranar ta san ba za ta iya ƙara buɗe baki ba. Kuma ba za ta iya ci gaba da kiran matattu itatuwa na fure ba. Ta ce kamar mutum ne ya je ta'aziyya gidan suna."

"Amma ai ta zo. Tsuntsun ya zo. Filó, kina wurin. Kusan duk shekara yana zuwa."

Dona Filó ta ɗago kai a karon farko.

"Ataliba, ɗaga sabon idon nan ka duba sama."

Na duba.

A kan furannin da suka ɗaura a saman goran akwai irin tsuntsun nan har uku. A kan itacen lemo akwai biyu. Korra, ƙanana, suna tsayawa cak a iska. Da tsohon idona ban taɓa ganin sama da wanda ya sauko gabana ba.

"Oktoba ne," in ji ta. "Ka ajiye ruwan sukari ko a bakin masai za su zo."

"Dona Filó, ya isa," in ji Marilza.

"Ban ce ba ita ba ce. Wa ya sani? Cewa na yi lokacinsu ne."

Na sauke idona daga kan tsuntsayen. Wata daga cikin matan ta fara kuka a hankali, wani ya je ya watsa wa wuta ɗaya ƙasa.

Sai lissafin ya zo min da kansa, irin yadda yake zuwa wa direba in ya ga man da ya rage da nisan da ya rage.

Zenaide ta rasu a Fabrairu.

Afrilu na gaban Oktoba.

Na miƙe.

"Marilza. Afrilun bana kun yi?"

"Mun yi."

"An ajiye mata faranti?"

"An ajiye."

"An yi mata kiran farko?"

Ta kau da kai.

"An yi."

Wato ranar da ta zauna a kicin ɗina tana kallon cikin kofi, abin da na roƙa an riga an yi shi wata shida baya. Ta karɓi makulli, ta karɓi yardata, ta ba ni buhun da babu komai a ciki.

"Kin iya ciniki," na ce. "Da a tasha kika tashi da kin yi motoci."

"Ban san yadda zan faɗa maka ba."

"Da baki ake faɗa. Wa ya kira ta?"

Na dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara arba'in da ɗaya ina aure da matar nan. Na wanke ta a asibiti da hannuna. Wane ne a cikinku ya fi ni kusa da ita? Ke ce? Filó, ke ce? Ku nuna min shi in gaishe shi."

Babu wanda ya motsa. Amma ido ba ya iya ƙarya kamar baki. Duk suka karkata wajen Gercino.

Na ce, "Ba zai yiwu ba. Wannan yana cikin kwalekwale tare da ni."

Gercino ya share gumi da rawanin furannin, ya manta abin da ke hannunsa.

"Kai ne," ya ce.

"Ni ne me?"

"Kai ka kira ta."

Na zaci zafin rana ya taɓa shi.

Ya ce, "Saura kwana huɗu ta rasu, ka sauka ƙasa neman shayi, ta kira ni da Marilza. Ta ce abu uku take so. A kira ta a lokacinsa, a Afrilu, kada a bar ta tana jira har furanni su fito. Kada kowa ya kira ta sai Ataliba. Kuma kada a faɗa maka, kada a taɓa maka ranar Dalva. Na ce, Zenaide, waɗannan ukun ba sa shiga buhu ɗaya. Ta ce, kai da ka taɓa shigar da shanu ashirin a motar sha biyar, ka san yadda za ka yi."

Muryarta ce. Haka take magana.

"To ka tuna yammacin nan a tafki? Na ce mu matsa wajen tsaunin can, kifi ya fi yawa?"

Na tuna. Muka yi ta tuƙi har wajen da ƙarfen sabis yake a kan tsauni. Ko ƙaramin kifi ba mu kama a wurin ba.

"Can ne kawai waya ke shiga," ya ce.

Na tuna yana ta duba agogo. Na tuna ya zuba min giyar rake kofi uku, shi bai sha ba. Ya juya kan kwalekwalen har rana ta dawo tana dukan fuskata, na zage shi na ce zai makantar da ni. Ya ce, mutumina, wata biyu kana haɗiye abin nan, zai kashe ka, babu kowa a nan sai ni da ruwa, kira ta mana ka huce. Na ce ba lokacinsa ba ne. Ya ce ai ba kiran biki ba ne, kira ne kawai na miji.

Na tashi tsaye a cikin kwalekwalen. Na kira. Ya ce ƙara. Na ƙara. Ya ce ɗaya kuma.

"Wayar na aljihun rigata," in ji shi. "Marilza na ɗaya gefen. Ta ɗora tata a kan teburin, kusa da farantin."

Dona Filó ta ce, "Mun ji ka tar. Har muryarka ta karye a na ukun. Babu wanda bai yi kuka ba."

"Ku kun yi naku a gaban tebur. Ni na yi nawa a kan bokitin tsutsa."

"Ataliba..."

"Da ƙugiya a hannuna. Ina warin giya. Da gajeren wando. Wata shida ina shirya abin da zan faɗa mata bayan na uku, a asibiti ma da idona a ɗaure ina maimaitawa. Ashe an riga an rufe ƙofar. Me na ce bayan na ukun, Gercino? Tunda kowa ya ji, ku tuna min."

Ya juya rawanin a hannunsa.

"Faɗi mana."

"Cewa ka yi... ba ni kazar nan."

Wani ya yi dariya bai shirya ba, ya toshe baki.

Ni ma na so in yi. Ba ta fito ba.

"Sau biyu ke nan ana sallamar nawa ba na nan," na ce. "Na farko hanya ce ta cuce ni, ita kuwa hanya ba ta taɓa cewa aminiyata ce ba."

Marilza ta zaro makullin daga wuyanta, ta miƙo min da hannu biyu.

"Karɓi, Seu Ataliba. Cinikin ya warware. Ba sai an juya komai ba. Za mu sauke goran yanzu, mu sa baƙi, mu yi yadda muka saba."

"Ku sa baƙi ku yi min me? Ku tsaya kuna kallon tsoho yana kiran wadda ta riga ta amsa?"

"To me kake so mu yi?"

"Riƙe makullinki. Na sha hannu da ke. Ni in na sha hannu ko a kan gawar jaki ne na saya. Ku juya tayarku. Dama ta daɗe da juyawa, ni kaɗai ne notin da ba a faɗa wa ba."

Na sunkuya na ɗauki jakata. Farantin ya yi ƙara da ɗan kofin a ciki. Ban san inda zan kai su ba.

Na tsaya gaban Gercino.

"Ba ni ita."

"Me?"

"Wayar da ka sace min murya da ita. A wutar nan zan jefa ta, in saya maka wata, mu rabu babu bashi."

Ya sa hannu a aljihu, amma bai fito da ita ba.

"Kada ka jefa."

"Ba ni."

"Mutumina, ba a jefa wannan a wuta. Abu na huɗu ne da ban faɗa maka ba. Ko Marilza ba ta sani ba."

Marilza ta juyo.

Ya fito da wayar, ya daddanna da kaurin yatsansa, ya ɗora min a tafin hannu. Saƙon murya ne. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Kwanan watan sha tara ga Fabrairu.

"Bayan Marilza ta fita ta sa na ɗauka. Ta ce kada in saurara, ban kuwa saurara ba. Ta ce, ranar da ya gane, don zai gane, ka ba shi. Ta ce ka tabbata yana zaune, kuma babu sanda a kusa."

To ga yadda cinikin ya tashi, ga masu son a yi musu a taƙaice. Marilza ta ci riba, makulli na wuyanta, taya ta juya, ba ta biya da komai ba sai kunya, ita kuwa kunya tana wankuwa. Dona Filó ta sauke kayan shekara sha ɗaya ta samu barci. Gercino ya huta da kifi, ya rasa wanda zai yi wa oda a ƙofa. Zenaide ta samu ukunta cif, a buhu ɗaya, yadda ta so. Ni na shiga da mata ɗaya da 'ya ɗaya da rana ɗaya a shekara da nake ganawa da su, na fito da faranti da kofi da wainar masara.

Sai wayar nan a hannuna, da ban san ko riba ce ko ragowar asara ba.

Na koma kan buhun gawayin na zauna.

Na danna.

"Ataliba, tsohon banza," in ji ta. "Idan kana jin wannan, to ajiye fushin tukuna. Maganar Dalva ce."